Tambayoyin Masu Karatu: Motocin da Suke Kwana Suna Gudu

Wasiƙun wannan karon daga Damagaram suka zo, kuma duk a kan abu ɗaya: tseren motoci na dogon zango na zamanin da, da motocin, da mutanen da suka tuƙa su. Mun taƙaita tambayoyin don amsoshin su samu wuri.

Tambaya daga wani ɗalibi a unguwar Birni: Ina jin ana cewa tseren awa 24 na Le Mans. In lokaci ne aka yanka ba nisa ba, ta yaya ake sanin wanda ya ci?

Ɗan'uwa, da ma nan ne bambancinsa da sauran tsere. Ba a ce wa kowa ya je wuri kaza ya dawo. Ana sakin motoci da yammacin Asabar, bisa al'ada ƙarfe 4, su yi ta zagaya hanya ɗaya har ƙarfe 4 na yammacin Lahadi. Motar da ta fi cin nisa ita ce ta ci, da sharaɗin ta tsallake layin ƙarshe da ƙarfin injinta. Ko ta wuni ta kwana a gaba, in ta mutu saura minti goma, ba ta da komai.

Le Mans gari ne a Faransa, kimanin kilomita 200 kudu maso yammacin Paris. Ƙungiyar Automobile Club de l'Ouest ta fara shirya tseren a watan Mayun 1923, kuma yawancin hanyar titin gwamnati ne da ake rufewa don ranar. Zagaye ɗaya a lokacin ya ɗan haura kilomita 17, yau kilomita 13.6 ne. André Lagache da René Léonard suka ci na farko da mota Chenard & Walcker, sun yi kilomita 2,209. Ka auna da hanyar Damagaram zuwa Yamai, wadda ta kusa kilomita 900: sun je, sun dawo, sun sake kamawa har kusan rabin hanya. A 1971 Helmut Marko da Gijs van Lennep suka yi kilomita 5,335 da Porsche 917, wato zuwa Yamai da dawowa sau uku cikin kwana ɗaya, har da tsayawar shan mai da canjin taya. Sai a 2010 aka samu motar da ta wuce wannan.

Manufar farko gwajin ƙarko ne: fitila, birki, inji, duk a ga wanda zai kai gobe. Shi ya sa dokokin suka yi tsauri. A shekarun 1920 sai mota ta yi zagaye 20 kafin a yarda a ƙara mata fetur, ko baƙin mai, ko ruwa, kuma akwai jami'an da aikinsu kawai su ɗaure murafan da waya su buga hatimin dalma. In mota ta lalace a daji, direba ne kaɗai zai taɓa ta, da kayan aikin da ya ɗauko a ciki. A 1923 motoci 33 suka tashi, 30 suka gama. A 1970, da gudu ya ninka kuma ruwan sama ya kwana yana zuba, 51 suka tashi, 7 kacal aka lissafa cikin waɗanda suka gama.

Tambaya daga wani makanike a Zango: Mu da ke buɗe inji kullum, muna so mu ji gaskiyar magana. Me ke fara lalacewa a irin wannan gudu, kuma yaya ake haɗa inji ya jure?

Maigida, fara da lissafi. Inji mai juyi 6,000 a minti, in ya yi awa 24, ya juya sau miliyan 8 da dubu 640. Kowane bawul ya buɗe ya rufe rabin wannan, sama da sau miliyan 4. Ƙarfen da zai jure awa biyu yana iya gajiya a awa ta sha biyar ba tare da an yi masa laifin komai ba, domin ƙaramar tsaga tana tsawo kaɗan-kaɗan da kowane juyi. Saboda haka abin da aka fara yi wa injin Le Mans shi ne a rage masa zafin rai. Ford GT40 Mk II da ta ci a 1966 tana da V8 mai lita 7, amma an kafa wa direbobi iyaka wajen juyi 6,200, ƙarfinta kuma bai kai doki 500 ba. Babban inji da ke aiki a natse ya fi ƙaramin da ake matsawa har wuya. Kafin su zo, Ford sun ɗaura injin da giyarsa a kan na'urar gwaji da ke kwaikwayon hanyar Le Mans, hawa da sauka da canjin giya, suka bar shi yana yi har awa 48. Sun koyi haka ne da wuya: a 1964 da 1965 ko GT40 ɗaya ba ta gama ba, akasari giya ce ta watse ko gasket ɗin kan inji ya ƙone.

Gasket yana da muni a can fiye da yadda yake a garejinka, saboda dokar hatimin nan. Da ya fara hura iska cikin ruwa, ruwan zai fita ta murfin lagireto, kuma ba a yarda a ƙara ba sai adadin zagayen ya cika. Motoci masu ƙoshin lafiya da yawa sun fita ne don lita biyu na ruwa.

Na biyu baƙin mai. A mota ta gida man yana kwance a kaskon ƙasan inji. In aka shiga doguwar kwana da gudu, man zai taru gefe guda, famfo ya ja iska, metal ɗin karanshaf ya bushe na daƙiƙa biyu ko uku, shi ke nan. Motocin tsere suna da famfo biyu ko fiye: wasu suna kwashe man daga ƙasan inji su kai shi wani dogon tanki na daban, ɗaya kuma yana ɗebowa daga gindin tankin ya tura cikin inji. Ko ina motar ta karkata, gindin tankin cike yake. Ƙari a kan haka, injin yana sauka ƙasa sosai tunda babu zurfin kasko.

Na uku girgiza. Duk notin da kwancewarsa za ta tsayar da mota, ana huda kansa a zura siririyar waya, a murɗe ta, a ɗaure a wani wuri ta yadda jan wayar yana ƙara ɗaure notin ne. Wanda ya ɗaura ta a juye bai yi komai ba. Murfin zubar da mai, notin birki, kusoshin salansa, duk haka ake yi musu.

Amma mafi yawan injunan da suka fashe, ƙafar direba ce ta fasa su. Yawancin motocin ba su da na'urar da ke hana juyi wuce iyaka. In mutum ya nemi giya ta huɗu hannunsa ya kuskure, ko ya faɗa ta biyu, juyi zai yi tsalle, sifirin ɗin bawul ya kasa mayar da shi a kan lokaci, fistin ya same shi a buɗe. Haka ta faru da Jo Siffert a 1970, yana kan gaba da Porsche 917 cikin dare. Don haka ne agogon juyin inji yake da jar allura ta biyu da ke tsayawa a inda juyi ya kai mafi yawa, ba ta dawowa. Direba na shigowa rumfar gyara, babban makanike zai leƙa ta kafin ya ji ta bakinsa.

A wurinmu, gwanintar da ta fi cancantar yabo ita ce ta kai mota mai rauni gida. A 1977 Porsche 936 ta Jacky Ickx da Jürgen Barth da Hurley Haywood tana gaba da tazara mai yawa sai fistin ɗaya ya huje, saura ƙasa da awa guda. Makanikai suka yanke wa wannan silinda fetur da wuta, suka jira lokaci ya kusa cika, Barth ya fita ya lallaɓa zagaye biyu da silinda biyar, suka ci. Ka lura da dalilin yanke fetur ɗin, don yana da amfani a gare ka: in ka cire wayar buji kawai, ɗanyen fetur zai ci gaba da shiga, ya wanke man da ke bangon silinda, ya gangara ya tsinke man inji gaba ɗaya. A 1988 kuma Jan Lammers ya ji giyar Jaguar XJR-9 tana ƙara, ya sa ta a ta huɗu ya daina taɓa ta har aka tashi. Da ya canza ko sau ɗaya, da wuya su kai.

Tambaya daga wani direban hanyar Agadas: An ce birkin faifai daga tseren nan ya fito. Me ya fi na ganga da shi?

Ba a can aka ƙirƙiro shi ba, amma a can ya nuna kansa. A 1953 Jaguar C-Type ta zo da birkin faifai na kamfanin Dunlop, ta ɗauki na ɗaya, na biyu da na huɗu. Tony Rolt da Duncan Hamilton sun haura kilomita 4,000.

Birki, ko furen kamar yadda ake faɗa a tashoshinmu, aikinsa mayar da gudu zafi. Zafin kuma ba ya tafiya daidai da gudu: in gudu ya ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. A Le Mans a lokacin akwai miƙaƙƙen titi na kusan kilomita 6, Hunaudières, da ke ƙarewa da matsattsiyar kwanar Mulsanne. Motar da ta zo da kilomita 320 a awa tana ɗauke da ninki 16 na abin da take ɗauke da shi a 80, kuma wadda ta ci a 1966 ta taka birki a wannan wuri sau 360. Ganga tana riƙe zafi a ciki. Tana zafi tana buɗewa, tana nisa da takalmin da ke tura ta daga ciki, sai feda ta yi ta nutsewa. Faifai a fili yake, iska na dukansa, kuma in ya kumbura ƙara kusantar takalmansa yake yi. Mercedes, da ta tsaya a kan ganga a 300 SLR ta 1955, sai da ta ƙara wani faffaɗan murfi a bayan direba da ke miƙewa tsaye ya tare iska don ya rage wa birkin aiki.

Faifai ma yana da nasa ciwon. A dogon titin nan yana hucewa sarai, sannan cikin daƙiƙa kaɗan ya yi ja wur. Wannan sanyi da zafi shi ke tsaga shi. GT40 Mk II tana da nauyi, tana cin faifai, sai Phil Remington na tawagar Shelby mai kula da motocin Ford ya tsara yadda za a zare faifan gaba ɗaya a sa sabo cikin ɗan lokaci, maimakon a yi ta lallashinsa.

Abin da ya shafe ka kai tsaye, Malam, man birki ne. Yana shan danshi daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai ya haura digiri 230, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa a 155. Da ya tafasa tururi ne a cikin bututu, tururi kuma matsuwa yake yi, feda ta tafi ƙasa babu komai. A zubar da shi duka duk shekara biyu, a fitar da iska ana farawa da tayar da ta fi nisa da famfon birki. Kada a cika daga kwalbar da ta daɗe a buɗe.

Tambaya daga wani dattijo, tsohon malamin makaranta a Garin Malam: A hotunan da na gani direbobi suna tsallaka titi da gudu zuwa motocinsu. Me ya sa aka daina? Kuma mece ce gaskiyar hatsarin 1955?

Ranka ya daɗe, daga 1925 zuwa 1969 haka ake tashi. Motoci a jere a gefe ɗaya, inji a kashe, direbobi a ɗaya gefen. Tuta na sauka kowa ya ruga, ya shiga, ya tayar. Lokacin da babu bel ɗin kujera, abin bai da wata illa ta musamman. Da aka fara sa ɗamara mai igiya huɗu zuwa shida, ɗaura ta yana cin lokaci, sai direbobi suka riƙa tashi ba ɗamara, suna ƙoƙarin ɗaurawa a kan miƙaƙƙen titi suna gudun da ya haura kilomita 250 a awa. A 1968 Willy Mairesse ya yi mummunan hatsari a zagayen farko yana fama da ƙofar da ba ta rufu ba.

A 1969 Jacky Ickx, ɗan Beljiyam mai shekara 24, ya ƙi gudu. Ya tako a hankali, ya zauna, ya ɗaura ɗamararsa tsaf, ya tashi a ƙarshe. A wannan zagayen na farko John Woolfe ya kife da sabuwar Porsche 917, motar ta jefo shi waje, ya rasu. Washegari Ickx, da abokin tuƙinsa Jackie Oliver, suka ci da tsohuwar GT40 da ta riga ta ci a 1968, da tazarar kimanin mita 120 a kan Porsche 908 ta Hans Herrmann. A 1970 direbobi suka tashi a zaune a ɗaure, daga 1971 kuma motoci suna tafiya a jere ake sakinsu.

Na 1955 kuwa shi ne mafi muni a tarihin tseren mota. Ranar 11 ga Yuni da yamma, Mike Hawthorn, yana tuƙa Jaguar D-Type, ya wuce Austin-Healey ta Lance Macklin, nan take ya taka birki zai shiga rumfar gyara. Birkin faifansa ya kama da ƙarfi. Macklin ya kauce hagu, Pierre Levegh na tafe da Mercedes 300 SLR, ya hau bayan Healey ɗin mai gangare, motar ta tashi sama ta daki tudun ƙasar da ke gaban ƴan kallo ta tarwatse. Inji da ƙafafun gaba da murfi suka ratsa cikin jama'a. Levegh da mutum sama da 80 suka mutu. Jikin motar na maganiziyam ne, wanda in ya kama wuta ruwa ƙara hura shi yake yi. An daɗe ana gardamar direban da ke da laifi, amma a ganinmu babban laifin na hanyar ne: titi ne da aka tsara don motocin 1923, babu katanga tsakanin masu shiga gyara da masu wucewa, ga jama'a dab da shi. Ba a tsayar da tseren ba, bisa hujjar cewa in dubban mutane suka fita lokaci ɗaya za su toshe wa motocin asibiti hanya. Mercedes ta janye motocinta cikin dare tana kan gaba, ta bar tsere a ƙarshen shekarar, Suwizalan ta haramta irin wannan tsere a ƙasarta, aka kuma rushe rumfunan aka faɗaɗa wurin kafin 1956.

Tambaya daga wani mai gyaran babur kusa da Kasuwar Dole: Da gaske Porsche 917 ba ta da lagireto? Silinda 12 babu ruwa, bai narke ba?

Da gaske ne. Hans Mezger, injiniyan Porsche, ya tsara injin, lita 4.5 da farko, silinda shida a kwance ta kowane gefe. Kowace silinda tana da tsage-tsagen ƙarfe irin na babur ɗinka, sai dai ba iskar hanya ake jira ba. Akwai babbar fanka a kwance a saman injin, injin ne ke juya ta, da rufi da ke raba iskar ya tilasta mata bi ta tsakanin tsage-tsagen kowace silinda. Sauran zafin baƙin mai ke kwashewa zuwa na'urar sanyaya mai da ke hancin motar. Kowace silinda buji biyu gare ta, 24 ke nan. Kuma da yake karanshaf mai wannan tsawo yana murɗewa, sai aka ɗauki ƙarfin daga tsakiyarsa maimakon ƙarshe. Ribar ita ce babu ruwan da zai zube, babu tiyo, babu nauyinsu. Iyakarsa kuma ta bayyana da aka so bawul huɗu a kowace silinda: babu wurin da iska za ta bi, shi ya sa Porsche 956 ta 1982 take da ruwa a kan inji, iska a jikin silinda. Darasin ga mai babur da mai tsohuwar Volkswagen ɗaya ne: laka da ƙurar hunturu da suka cushe tsage-tsagen, ko rufin fanka da aka cire aka jefar, su ke ƙona fistin.

Ƙashin motar bututun alminiyam ne da bai fi kilo 42 ba. An cika bututun da iska mai matsi aka sa agogo. In allura ta sauka, an san wani wuri ya tsage. Ƙafafun direba kuma suna gaban layin tayoyin gaba, babu abin da ya raba su da karo sai siraran bututu. Doka ta ce sai an ƙera 25 kafin a yarda da ita, Ferdinand Piëch na Porsche ya jera 25 cur a gaban masu duba a watan Afrilun 1969.

Da farko direbobi tsoronta suke yi, domin a babban gudu bayanta yana yin sauƙi tana yawo a titi. An yi ta canza sifirin ba a dace ba. A wani gwaji a Ostiriya cikin Oktoban 1969, John Horsman na tawagar John Wyer ya lura ƙwari sun mutu sun manne a hanci da gilashi, amma bayan motar kusan fes. Ma'ana iska ba ta sauka a can balle ta danne shi. Aka ɗaga bayan da fallayen alminiyam da kusoshi a nan take, motar ta natsu. Ita ce 917K da Herrmann da Richard Attwood suka ba Porsche nasararta ta farko a Le Mans da ita a 1970.

Tambaya daga wata malama a Sabon Gari: Mata sun taɓa shiga?

Sun shiga tun da wuri, Malama. A 1930 Odette Siko da Marguerite Mareuse suka zo na bakwai da Bugatti, a 1932 kuma Siko ta zo ta huɗu da Alfa Romeo. Bayan rasuwar Annie Bousquet a tseren awa 12 na Reims a 1956, masu shirya Le Mans suka daina karɓar mata, sai a 1971 Marie-Claude Beaumont ta shiga da Corvette. A 1975 Michèle Mouton da Christine Dacremont da Marianne Hoepfner suka ci rukunin motoci masu lita 2. Anny-Charlotte Verney, ƴar garin Le Mans, ta shiga sau goma a jere daga 1974 zuwa 1983.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Miriya: Mu Peugeot muka sani. Tana da suna a can? Kuma akwai abin da ya haɗa waɗannan mutane da ƙasarmu?

Alhaji, tana da shi, ko da yake ta makara. Peugeot 905 mai V10 lita 3.5 ta ci a 1992, a 1993 kuma ta kwashe na ɗaya zuwa na uku, ƙarƙashin Jean Todt. Kafin nan, a 1988, wata ƙaramar tawaga mai suna WM ta sa injin V6 na Peugeot, dangin wanda ke cikin 604 da 505 V6, da turbo biyu, Roger Dorchy ya kai kilomita 405 a awa a Hunaudières. Sun toshe yawancin kafofin shan iska don su samu wannan gudu, motar kuwa ba ta daɗe ba zafi ya fitar da ita. Daga 1990 aka sa lanƙwasa biyu a tsakiyar titin don a karya gudun. Sunan 404 da 504 kuwa a Afirka aka yi shi, a tseren Safari na gabashin nahiyar: 404 ta ci a 1963, 1966, 1967 da 1968, 504 ta ci a 1975 da 1978.

Haɗinsu da Nijar ta tseren Paris-Dakar ne, wanda ya riƙa ratsa Agadas da Tenere. Ickx, mai nasara shida a Le Mans, ya ci Dakar a 1983 da Mercedes 280 GE. Henri Pescarolo, wanda ya ci Le Mans sau uku a jere da Matra daga 1972 zuwa 1974 kuma ya shiga tseren sau 33, shi ma ya yi Dakar. Peugeot ta ci shi sau huɗu daga 1987 zuwa 1990. Dole kuma a faɗa cewa wannan tsere ya bi ta ƙauyukan da babu shinge, kuma ya ci rayukan mutanen gari, har da yara, a ƙasashen da ya ratsa.

Tambaya daga wani yaron gareji a Kara-Kara: Ina motocin suke yanzu? Suna tashi kuwa?

Da yawa suna tashi, har tsere suke yi. Tun 2002 ake yin Le Mans Classic a kan cikakkiyar hanyar, ana raba motocin rukuni-rukuni bisa shekarunsu, kowane rukuni ya fita sau uku, dare da rana, ƙasa da awa ɗaya kowace fita. A Ingila akwai Goodwood Revival tun 1998. Mota ba ta shiga manyan tarukan sai da takardar FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, da ke tabbatar da cewa inji, giya, birki da faɗin taya duk irin na zamaninta ne. Kuɗinsu ya wuce hankali: a 2022 an sayar da Mercedes 300 SLR mai rufi, ɗaya daga biyun da aka ƙera, a kan yuro miliyan 135, sama da miliyar 88 na sefa.

Abin da ke kashe tsohuwar motar tsere shekaru ne, ko tana ajiye. Robar tankin fetur tana bushewa, shi ya sa doka ta ba ta shekara biyar. Fetur na yanzu mai gauraye da sinadarin etanol yana cin tsofaffin tiyo da robobin kafireto. Maganiziyam ɗin rim da na gidan giya yana rubewa daga ciki. Taya tana taurara ko zanenta bai taɓu ba. Mafi haɗari kuma tsagar da ido ba ya gani a sandar sitiyari, da ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, da karanshaf. Masu kula da motocin suna kwance waɗannan a kai a kai su gwada su da jan rini na musamman.

Kai ma za ka iya irin wannan gwaji da abin da ke hannunka, don tsohuwar dabara ce ta ma'aikatan jirgin ƙasa. Ka wanke ƙarfen da fetur har maiƙo da tsatsa su fita, ka kankare fenti, ya bushe. Ka gauraya baƙin mai da kananzir ya tsinke, ka shafe ƙarfen, ka bar shi kamar rabin awa. In ka ɗan shanya shi a rana tukuna ya ɗumama, man ya fi shiga. Ka goge saman da busasshen tsumma sosai, amma kada ka sake wanke shi da fetur, don zai fitar da man da ya shiga tsagar. Ka daka alli ya yi laushi, ka dama da sifirit, ka shafa siriri, ka bari ya bushe ya yi fari. Sannan ka ɗan ƙwanƙwasa ƙarfen da ƙaramar guduma, nesa da inda bearin ke zama. In akwai tsaga, man zai fito ya zana baƙin layi kamar gashi a kan farin allin. Ka fi duba inda kauri ya canza, da gindin zaren noti, da bakin ramin mai. Wannan gwaji tsagar da ta fito fili kawai yake nunawa. In ka ga layi a ƙarfen sitiyari ko na ƙafa, ka kai wa maigidanka ya gani, a canza shi. Walda a irin wannan wuri tana sake tsagewa ne daga gefen ɗinkin.